Inda Surukar Arzika Take Zama

Arzika ɗan maƙera ne daga Furfuri, can ƙasar Bungudu, kuma da ubansa ya sami yadda yake so, da a bakin maƙera zai tsufa yana ƙera lauje da ruwan fartanya. Sai dai tun yana yaro hannunsa na kan zugazugi, kunnensa na kan hanya. Bayan yaƙin Jamus motoci suka fara ratsowa jefi-jefi daga Zariya zuwa Sakkwato. Ranar da ɗaya ta lalace kusa da garinsu aka aiko neman maƙeri, Arzika ya bi ubansa riƙe da guduma. Uban ya dawo gida da yamma, ɗan bai dawo ba. Ya manne wa direban, wani mutumin Ikko mai saurin hannu da saurin baki, ya yi masa wanki, ya ɗebo masa ruwa, ya sha zagi da yaren da ba ya ji, har Allah ya sa ya iya tuƙi, ya iya kwance inji ya mayar ba tare da ragowar noti a hannu ba.

A shekarar da layin dogo ya kusa isowa Gusau, Arzika ya riga ya zama magidanci a Tsafe, yana tuƙa motar wani attajiri mai suna Mas'udu. Gyaɗa da auduga yake ɗauka, mutane a bisa kaya, daga Tsafe zuwa Gusau, ran kasuwar Bungudu kuma ya zarce. Motar ta ga duniya. Soja sun more ta, wani Kwara, ɗan kasuwa Balaraben Sham, a Zariya ya more abin da soja suka rage, sannan ta faɗo hannun Mas'udu da bodin katako da fitila ɗaya. Abu guda ne sabo a jikinta, wato famfon mai na lantarki da Kwaran ya sa aka kawo daga Ikko, aka ɗaura shi a ƙarƙashi kusa da tanki, can kusurwar baya ta hagu. Waya biyu gare shi, ɗaya ta kawo wuta daga batir, ɗaya ta mayar da ita jikin ƙarfen mota. In aka murɗa makulli sai ya fara ƙas-ƙas-ƙas kamar kaza na cin tsaba a faifai, yana tura fetur gaba wajen inji. Kullum kafin Arzika ya tayar da mota sai ya kasa kunne ya ji wannan ƙarar.

Kafintan da ya yi bodin ya bar wani katako a saman bakin tankin, ɗan tudu kamar kujerar tsugunno, ana ɗaga shi in za a zuba mai. Dokar Arzika ɗaya ce a motar nan: ba a ɗora kaya a katakon nan, ba a zama a kai, don kada wani mai shan lofe ya tashe su gaba ɗaya. Ya taɓa sauke wani dillali da rawaninsa a tsakiyar hanya saboda ita.

Matarsa Saude ita kaɗai ce 'yar Inna Tambaya mai daddawa, wadda mijinta ya rasu tuntuni. Suna da 'ya guda, Wasila, da ko famfara ba ta yi ba, kuma rabin wuninta a gindin kakarta take yinsa. To, kowa na jin kunyar surukarsa a ƙasar nan, amma ta Arzika ta wuce misali. In ya hango ta a lungu sai ya juya ya zagaye unguwa. An taɓa ganinsa ya haura dangar mutane da babbar riga don ta ɓullo daga kwana. Bai taɓa kallon fuskarta ba tun ranar da aka shafa fatiha, gaisuwa kuwa a bakin Saude yake aikawa, a bakinta amsa ke dawowa. Mutanen Tsafe suka ɗauki abin nan da girma, iyaye mata na nuna shi suna Allah ya ba 'ya'yansu irinsa. Shi ma, in za a faɗi gaskiya, yabon yana yi masa daɗi.

Inna Tambaya da ƙafa take zuwa sayen kalwa duk inda aka ce ta yi araha, har gwiwoyinta suka gaza. Saude ta roƙi Mas'udu, ya ce ta riƙa bin mota ranar kasuwa. Ranar da za ta fara hawa Arzika bai ci abin kirki ba. Yana hango kwandonta daga nesa ya buɗe murfin inji ya cusa kansa, bai ɗago ba sai da aka ce kowa ya hau. Haka ya riƙa yi duk ranar da take ciki, ko waiwaye ba ya yi har su isa. Bai san ta ina take hawa ba, balle inda take zama.

Tsayawar farko a gargadar gindin dutsen Kwatarkwashi ta faru. Inji ya yi tari, ya yi shiru. Arzika ya murɗa makulli ya kasa kunne, babu ƙas-ƙas. Ya ce kowa ya sauka, ya ba da lokaci sosai don tsohuwa ta yi nisa, sannan ya zagaya baya ya shiga ƙarƙashi. Wayoyi na nan a ɗaure. Ya koma ya sake murɗawa, famfo ya amsa kamar ba shi ya yi shiru ɗazu ba. Suka tafi. Aka yi kwanaki lafiya lau, sai motar ta sake mutuwa a gangaren gulbi kafin Bungudu, rana tsaka, da mata masu goyo a ciki. Aka sauka, ta tashi. Aka hau, aka ɗan taɓa tafiya, ta sake mutuwa.

Babu abin da ke cin ran mai gyara kamar cutar da ke ɓuya in ya zo dubawa. Abin da ya karye kowa na iya ganinsa, amma wannan sai ya jira ka juya baya. Arzika ya kankare kan batir da wuƙa har ya yi fari. Ya tace fetur da ƙyalle. Ya kwance bututun mai ya busa da baki har ya kwana yana gyatsar fetur. Ya sauke famfon kansa, ya buɗe shi a kan tabarma, ya goge 'yan ƙarafan da ke haɗuwa su rabu a cikinsa, ya mayar. Ya bi wayar da ke kawo wuta tun daga batir har baya, yana dangwala bakinta a ƙarfe, ko'ina tana ba da tartsatsi mai kyau. Wadda ke mayar da wuta kuwa ya ja ta da yatsa, ya ji ta a maƙale da notinta, ya bar ta. Daga nan ya ɗauki motar babu kowa ya je gargadar Kwatarkwashi ya yi ta kai da kawowa kamar mahaukaci, ko tari ba ta yi ba. Ya loda mata gyaɗa har tana nishi ya koma, ta wuce lafiya.

Wani fasinja ne ya fara faɗa, da wasa, wai motar ba ta son warin daddawa. Aka yi dariya. Amma mutanen Tsafe ba sa barin magana ta kwana inda aka ajiye ta. Kafin kasuwa ta zagayo an zauna an tuna cewa ba ta taɓa mutuwa ba sai tsohuwar na ciki, kuma da ta sauka ta yi nisa sai motar ta tashi. Kalmar da ake tsoro ta fito daga bakin wata a bakin rijiya, cikin raɗa, washegari kuwa har yara sun san ta. Wadda ke iya kama kurwar ƙarfe, in ji su, ina ga ta mutum?

Maita ba a wajen mutum ɗaya take tsayawa ba. An ce a nono ake shan ta, don haka in Inna Tambaya mayya ce, Saude ma ita ce, Wasila ma ita ce, har 'ya'yan da Wasila ba ta haifa ba. Daddawa ta bushe a faifai babu mai taya. Mata suka daina aron turmi a gidan Arzika. Wasila ta fita wasa ta dawo tana tambayar uwarta me ya sa ake kiran yara gida da zarar ta zo. Mas'udu ya kira Arzika zaure, yana ta kame-kame, ya ce fasinja sun fara gudu, tsohuwa ta haƙura da mota. Aka aika mata a bakin Saude. Daga ranar motar ba ta ƙara mutuwa ba, wannan kuwa ya fi komai muni.

Abin da ya fi ciwo shi ne maganar ta shiga Arzika shi ma. Ya san ƙarfe, ya san wuta, ya bi duk abin da ya sani bai sami komai ba, to me ya rage? Ya yi ta korar tunanin yana dawowa. Wata safiya yana ɗaura takalmi, bai kalli Saude ba, ya ce Wasila ta ɗan rage cin abinci a gidan su Inna har ƙura ta lafa. Saude ta dube shi kawai, ta ɗauki tulunta ta fita, shi kuwa ya wuni yana jin kunyar kansa. Amma bai janye maganar ba.

Ana cikin haka Halima, 'yar Ɗahiru mahauci, ta kwanta masassara mai zafi. Cikin magagi ta riƙa kiran Inna mai daddawa, wadda takan ba ta gyaɗa in an aike ta. Ɗahiru ba mugun mutum ba ne, uba ne da ya binne 'ya'ya biyu yana kallon ta uku tana fizge-fizge. Ya je ƙofar mai unguwa da wuƙarsa a ƙugu da rabin unguwa a bayansa. Mai unguwa ya rasa yadda zai yi, ya yanke cewa bayan la'asar za a kawo tsohuwar ta tuɓe ta tsallake yarinyar a gaban jama'a, yadda ake sa mayu su saki kurwa. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. In ta tsallaka ta amsa laifi har abada, ita da zuriyarta. In ta ƙi, ga duwatsu nan birjik a bakin hanya.

Da azahar Arzika ya shigo gida ya tarar da Saude a tsugunne tana wanke zanen uwarta na fita. Idonta a bushe yake, abin da ya fi kuka ba shi tsoro. Ya tsaya a kanta.

Ta ce, "In za su tuɓe ta, su tuɓe ta da mai tsabta." Ta ɗaga zanen ta shinshina, ta mayar cikin ruwa da ƙarfi. "Wanga wari na hetur kuma ya ƙi hita. Na sa toka, na sa sabulun salo, shina nan."

Arzika ya ce, "Hetur? Mi ag gamin zanen su Inna da hetur?"

"Ba bisa katakon tanki taka zama ba?"

Ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. "Wane katako?"

"Naka mana, Malam. Na baya. Nan na wurin da yah hi nisa da kai." Ta ɗago ta dube shi. "Ba ka sani ba?"

"Wa yab bar ta ta zanna nan? Kowa ya san ba a zama nan!"

"Kowa ya ɗauka kai kab bar mata wurin don girmamawa. Wa ka zuwa shi gaya ma inda surukarka taka zama?"

Bai tsaya takalmi ba. Ya fita da gudu zuwa inda motar take a ƙofar gidan Mas'udu, ya hau baya ya zauna a katakon da makulli a murɗe. Famfo ya yi ƙas-ƙas ɗinsa bai damu da shi ba. Ya yi tsalle a kai, haka. Ya ɗora buhun gyaɗa ya shiga ƙarƙashi ya duba, bai ga abin da ya motsa ba. Gumi ya jiƙa masa riga. Wata zuciya ta ce masa katakon ne, wata ta ce ai ga shi ka gwada. Yana nan kwance aka kira la'asar, ba a daɗe ba ya ji hayaniya ta nufi ƙofar mai unguwa.

Ya tayar da motar ya bi su. Jama'a suka dare da suka ji ta a bayansu. An shimfiɗa Halima a tabarma a inuwar zaure, uwarta na yi mata fifita. Inna Tambaya na tsaye a tsakiyar fili da ɗanyen zane a jikinta, Saude na riƙe da hannunta. Karon farko ke nan da Arzika ya ga fuskar surukarsa da kyau, ashe 'yar ƙaramar tsohuwa ce. Ya sauka ya zube gaban mai unguwa.

"Ranka shi daɗe, da motag ga anka kama ta. A bari motag ga ta yi magana kahin a taɓa ta."

Ɗahiru ya ce ɗiyarsa na mutuwa ana wasa da ƙarfe. Amma mai unguwa, da dama neman hanyar tsira yake, ya ce a ba shi dama kaɗan.

Arzika ya kwance bututun mai daga wajen inji ya karkata bakinsa cikin tasa, don kowa ya gani da idonsa. Ya roƙi masu lofe su ja baya. Ya murɗa makulli, famfo ya kama ƙas-ƙas, fetur ya riƙa tsartuwa cikin tasar. Saura abu ɗaya, wanda ya fi masa wuya da ɗaga motar da hannu. Ya taka har gaban tsohuwar ya durƙusa.

"Inna, ku yi haƙuri. Ku hau ku zanna inda kuka zama."

Mata suka rufe baki, wata ta yi salati. Inna Tambaya ta ja mayafi ta rufe fuska, Saude ta taimaka mata ta hau. Arzika ya kwanta rigingine ya ja jiki ƙarƙashin motar, daidai ƙasan inda surukarsa take, abin da ko a mafarki bai taɓa zaton zai yi ba. Ta zauna a ɗosane, a tsakiyar katakon. Fetur na zuba. Ya sa samari su girgiza motar kamar tana kan gargada. Fetur na zuba.

Daga ƙarƙashi yana ganin ƙafafun mutane suna matsowa. Ya tuna shi ma a tsakiya ya zauna ɗazu, a tsakiya ya ɗora buhu. Mace mai gudun surukinta ba haka za ta zauna ba. Ya ɗaga murya, a gaban duk Tsafe.

"Inna, don Allah, ba hakanan ba. Yadda kuka zama in ina gaba ina tuƙi."

Sai ya ji katako ya yi ƙara a samansa. Tsohuwar ta juya wa mazaunin direba baya, ta matsa can gefe, can ƙarshen katakon, ta takure a jikin bodi kamar mai son ficewa ta cikinsa. Samari suka girgiza. Ƙas, ƙas, shiru. Fetur ya tsaya cak.

Wurin ya kaure. "Kun gani! Kun gani da idonku!" Wasu suka ruga da baya, wasu suka sunkuya neman dutse. Saude ta haye motar ta rufe uwarta da jikinta. Arzika kuwa ya gani. Da nauyi ya koma gefe, ƙarshen katakon ya sunkuyo, wani guntun itace da kafinta ya buga a ƙarƙashinsa ya danne wayar da ke mayar da wuta, ya ɗaga bakinta daga jikin ƙarfe. Bakin ya ci tsatsa a ƙarƙashin notin, 'yan silalla ne suka rage suna taɓawa. In ka ja da yatsa sai ka ji ta a maƙale. Amma wa zai shiga ƙarƙashin mota ya duba a cikin wannan ihu? Dutse na farko ya bugi bodi.

Ya fito da rarrafe yana ihu har muryarsa ta dushe. "Ranka shi daɗe! A sauko da ita, Malam Ɗahiru shi hau! In motag ga ba ta mutu mai ba, ni da hannuna nika kai ta ta tsallaka!"

Maganar ta fita kafin ya auna ta. Saude ta dube shi daga saman mota, kallon da bai manta ba har ya mutu. Mai unguwa ya buga sanda a ƙasa, ya ce Ɗahiru ya hau. Aka sauko da tsohuwar, katako ya koma daidai, fetur ya dawo yana zuba, jama'a suka ƙara kaurewa. Ɗahiru ya hau yana huci, ya zauna zaman maza a tsakiya, ƙafa a buɗe. Aka girgiza. Ƙas-ƙas-ƙas, tasa na cika.

Ɗahiru ya ce, "To? Ga ni zanne."

"Ba hakanan ba. Juya baya. Matsa gehe, can ƙarshe. Matse ƙahwahunka. Zanna kamar surukinka na gaba kana jin kunyatai."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Ɗahiru ya dubi mai unguwa, ya dubi tabarmar da 'yarsa take, sannan ƙaton mahaucin nan ya juya baya, ya matsa, ya takure a kusurwa da wuƙarsa a ƙugu. Ba a ma kai ga girgizawa ba. Famfo ya yi shiru, fetur ya tsaya.

Arzika ya koma ƙarƙashi, ya kira mai unguwa da kansa ya sunkuyo da rawaninsa ya duba. Ya danna bakin wayar a jikin ƙarfe, fetur ya zubo. Ya saki, ya tsaya. Ya danna, ya zubo. Ya yi ta yi har dattawa suka zo ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa, wani ma ya ce a bar shi ya danna da kansa. Sannan ya yanke ruɓaɓɓen bakin, ya fere sabo, ya kankare ƙarfen da wuƙar Ɗahiru, ya ɗaure wayar nesa da itacen. Aka sake roƙon Inna Tambaya ta hau ta zauna irin zamanta. Samari suka girgiza motar har ta kusa faɗuwa, fetur bai yanke ba.

Mai unguwa ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya ce in akwai maita a nan to a jikin kafintan Zariya take, kowa ya kama gabansa. Duwatsu suka riƙa faɗuwa daga hannaye a ɓoye, kowa na yi kamar ba shi ya ɗauka ba. Ɗahiru ya je ya ɗauki 'yarsa da tabarmar gaba ɗaya, ya wuce bai dubi kowa ba, yana kuka.

Halima ta tashi bayan kwanaki ba tare da an tsallake ta ba. Da ta mutu, Allah kaɗai ya san ko guntuwar waya za ta isa ta kare tsohuwar. Masu sayen daddawa suka dawo, ba duka ba, akwai gidajen da har Inna Tambaya ta bar duniya ba su ƙara sa tata a miya ba. Arzika ya yi tuƙi har idonsa ya raunana, ya koma gyara a gindin wata tsamiya a Gusau, inda aka san shi da tambaya mai ban haushi. In ka kawo masa mota sai ya tambaye ka wa ya hau, ina ya zauna, me ya riƙe, kafin ya taɓa sifana. Iyaye mata a Tsafe kuwa sun daina nuna shi tun daga ranar nan. Mutumin da ya kwanta a ƙarƙashin surukarsa yana ba ta umarni da babbar murya, ai ba abin koyi ba ne.

Amma a wannan yammacin, da fili ya watse, Arzika bai fito daga ƙarƙashin motar ba. Aiki ya ƙare tuntuni, yana nan kwance da sifana a ƙirji, don yana ganin ƙafafun Inna Tambaya a tsaye kusa da taya, ƙafafu masu faso, ruwan zane na ɗiga a kansu. Yana jira ta tafi, ba ta tafi ba.

Ta yi magana a hankali, ba ta bakin Saude ba.

"Ɗan ga, da kac ce mani in tashi, ai da na tashi tun ranar hwarko. Ban san ba a zama nan ba."

Ƙafafun suka juya, suka yi gaba kaɗan, suka tsaya.

"In ka yarda yanzu, a turo mani Wasila. Tun ranar da ta bar zuwa nika rage mata tuwo."

Ta tafi tana ɗingishi, Saude na riƙe da ita. Arzika ya ɗora dantse a kan idanunsa, ya yi kuka a ƙarƙashin motar har aka kira magariba.